Daga Gindin Dutse Zuwa Bakin Titi: Tarihin Gini a Ƙasar Pauwa da Kogo

Mu da sana'armu ta zama zaman gaban kwamfuta muna rubuta manhaja, akwai wata ɗabi'a da muke da ita idan kewar gida ta taso. Mukan buɗe taswirar Google, mu juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, mu yi ta ja da yatsa har mu isa ƙasarmu. Wanda ya yi haka a kan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa zai lura da abu biyu. Na farko, garuruwan sun jeru a bakin titi, rufin kwano yana ta ƙyalli, daga Funtuwa zuwa Sheme da 'Yankara, daga Sheme zuwa Ƙanƙara. Na biyu, can gefe akwai wasu tabo masu launin toka, wasu a dunƙule, wasu a warwatse, babu alamar rufi a jikinsu. Duwatsu ne.

Taswirar tana nuna maka kamar mutane da duwatsun ba su taɓa haɗa hanya ba. Amma sunayen sarautunmu suna faɗin wani labari daban. Hakimin Ƙanƙara, Sarkin Pauwa ne sarautarsa, kuma Pauwa tsohon gari ne a cikin duwatsu. Hakimin Sabuwa shi ne Kogon Katsina, sunan da ke komawa ga Birnin Kogo, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Faskari a yau. A takardun zamanin Turawa ma da waɗannan sunaye aka san gundumomin: gundumar Pauwa da gundumar Kogo. Ka ga ke nan mulki ya sauko bakin titi, amma sunansa yana can inda ya baro.

Abin da ya tayar mana da wannan magana shi ne wani salo da ake ji da shi a duniyar zanen gini a yanzu, wato gina abin da zai dace da tsaunin da aka dasa shi a kai, ya zauna a jikinsa kamar tare aka halicce su. Hotunan irin waɗannan gine-gine suna yawo a Instagram, matasanmu masu karatun zanen gini a Zariya da Kano suna turawa juna. Mu ma muna sha'awarsu. Sai dai duk lokacin da muka gan su mukan tuna cewa a ƙasarmu an daɗe ana wannan aiki, an kuma daina shi cikin abin da bai wuce shekara ɗari ba, har muka wayi gari ba mu ɗauki dutse komai ba sai abin fasawa.

Bari mu fara da dalilin da ya kai mutane can tun farko.

Duwatsun yankin nan ba irin tsaunukan Turai ba ne masu dogon jere da ƙanƙara a kai. Ɗaiɗaiku ne, baƙaƙe masu tauri, sun bulluƙo daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wasu kamar an kife ƙwarya, wasu kamar an tara manyan tulu. Masana ilimin ƙasa sun ce shekarunsu sun haura miliyan 500. Abin da ya fi muhimmanci ga manomi shi ne yadda irin wannan dutse yake da ruwan sama. Ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a kansa sai ya gangaro gindinsa, ya taru a tsagogi da ramuka, ya jiƙa ƙasar da ke kewaye. Saboda haka gindin dutse yakan daɗe da damshi bayan fili ya bushe, rijiya ba ta nisa, itatuwa suna yin girma. Ƙasar da dutsen ke marmashewa yana zubarwa kuma tana da albarka. Ga shi yankin yana cikin abin da ake kira Katsina Laka, inda ƙasa ke da nauyi, ruwan shekara kuma yake kai wa kusan milimita 1,000, fiye da na arewacin jihar nesa ba kusa ba.

Masana tarihi sun daɗe da lura da wannan. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya wallafa wata maƙala a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, inda ya jawo hankali ga rawar da duwatsu suka taka wajen tara jama'a: ruwa, da ƙasar noma, da tama ta ƙira, da tsaro, da kuma imanin mutanen wancan zamani cewa iskoki suna zaune a kansu. Dakta Yusufu Bala Usman ya bi wannan sawu a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa kafin Birnin Katsina ya zama abin da ya zama, akwai tsofaffin cibiyoyi a kudu da yamma waɗanda da yawansu a jikin duwatsu suka tsiro. Kwatarkwashi, wadda take jihar Zamfara a yau, tana cikinsu, ita da bikinta na kamun maiki. Haka labarin yake a Kano da Dala, inda tarihin Kano ya ajiye Barbushe da tsafin Tsumburbura. Haka yake a Zazzau da Turunku da Kufena. Garin Dutse na Jigawa ma sunansa ya ishe shi shaida, tsohuwar unguwar Garu tana nan a tsakanin duwatsu. A Damagaram kuwa, wanda ya shiga Birni ya ga gidaje sun raɓu da manyan duwatsu, lungu yana karkacewa domin ya ba dutse hanya.

To yaya ake gini a irin wannan wuri? Nan ne ya kamata mu ɗan dakata, domin a nan hikimar take.

Magini na farko bai ɗora ɗaki a kan falalen dutse tsirara ba. Ya san dutse yana shan rana wuni guda, da dare ya yi ta amayar da zafi kamar murhu. Sai ya nemi aljihun ƙasa a tsakanin duwatsu, ko gangaren da inuwa ke riskarsa da wuri. Inda manyan duwatsu biyu suka bar tazara, sai a toshe ta da jeren ƙananan duwatsu, ba laka ba siminti, nauyinsu ne ke riƙe su. Da haka ganuwa takan samu da rabin wahala, domin Allah ya riga ya gina rabinta. A Kufena har yau ana ganin ragowar ganuwa da ta kewaye duwatsun da filin noma a ciki, yadda ko an yi wa gari ƙawanya ba za a rasa abinci da ruwa ba. Falalen da bai dace da kwana ba, shi ne masussuka da wurin shanya. A kufai da dama na ƙasar Hausa za ka tarar da ramuka masu santsi a jikin dutse, inda mata suka yi shekaru aru-aru suna niƙa har dutsen ya lotsa. Kogo kuwa ma'aji ne, kuma maɓoya ce ranar da aka ji kururuwa.

Ruwa ma an san hanyarsa. Ba a tare magudanar da dutse ya zaɓa wa kansa. Akan ɗaga harsashin ɗaki da dutse domin kada gindin bango ya jiƙe, a ɗora tubali daga sama. Bangon gabas, inda hadari ke bugowa, shi ake ƙara wa yaɓe da makuba. Rumbu kuma a ɗora shi a kan duwatsu domin gara da damshi, iska tana ratsawa ta ƙasa, kaji suna fakewa a wurin. Wannan ɗaya dai bai ɓace ba. Duk ƙauyen da ka shiga a ƙasar Faskari ko Sabuwa za ka ga rumbu a tsaye a kan duwatsunsa, kuma shi ne ginin da ya fi kowane daɗewa bai sauya siffa ba a wajenmu.

Kada mu yi wa abin ado fiye da kima. Zaman dutse ba hutu ba ne. Mace ce ke hawa da tulu a ka, tsoho ne ke gangarowa gona da asuba ya koma da yamma, wuri ya yi kaɗan, cuta in ta shiga ba ta da wuyar zagaye gari. Kuma a ƙarni na 19 tsoro ne babban abin da ya riƙe mutane a can. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Katsina ta koma hannun Ummarun Dallaje, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na kai hari da ramuwa. Mayaƙan Maraɗi, musamman zamanin Ɗan Baskore, sukan ratso ta dajin yamma su faɗa wa garuruwan kudu, su kwashi mutane da dabbobi. Ƙasar Ruma ta sha wannan wuta har wurare da dama suka koma daji. Wanda yake zaune a fili ba ganuwa a wancan lokaci, ya sayar da ransa da arha. Mai dutse a bayansa kuwa yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa.

Sai Turawa suka zo. Katsina ta shiga hannunsu a 1903, aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906, aka kuma umarci hakimai su bar birni su koma zama a gundumominsu. Hari ya tsaya. Abin da ya biyo baya ya faru a wurare da yawa na Afirka, har wani masanin labarin ƙasa, M. B. Gleave, ya yi rubutu a kansa a 1966: mutanen tudu suka fara saukowa fili. A wasu wuraren hukuma ce ta tilasta, domin mai karɓar haraji ba ya son hawa. A wasu kuma mutane da kansu suka ga babu dalilin ci gaba da wahala, ga gona shimfiɗe a ƙasa, ga kasuwa.

A yankinmu auduga ce ta ƙarasa aikin. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Funtuwa ta tashi daga ƙaramin wuri ta zama cibiyar awo da gurzar auduga. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka kafa gonar irin auduga wadda sunanta ya zagaye Arewa. Daga wannan lokaci darajar wuri ta koma kan kusancinsa da ma'auni da mota. Garin da ke lungun dutse, inda jaki kaɗai ke shiga, sai ya fara zubar da mutane. Ba a rana ɗaya aka tashi ba. Wani ya yi bukka a gona don damina, shekara ta zagayo bai koma ba, ƙaninsa ya biyo shi, a hankali tunga ta zama ƙauye, tsohon gari ya zama wurin da ake zuwa ziyarar kabari.

Ko da aka sauko, ginin bai sauya nan take ba. Tubali ne da azara da ciyawa, magina ne na gado, kayan aiki daga kududdufin bayan gari. Babban juyi sai a shekarun 1970, da kuɗin mai suka shigo. Ƙarin albashin Udoji a 1974 ya sa ma'aikata sun fara rufin kwano. A 1975 Najeriya ta yi odar siminti har jiragen ruwa suka cushe tashar Legas wata da watanni. A shekarar ce kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, aka yi hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buƙaci dubban azuzuwa cikin gaggawa. Mafita ita ce zane ɗaya: dogon gini mai aji biyu ko uku, baranda a gaba, bulo da kwano. Aka aika da shi ko'ina, tudu da kwari, fadama da jigawa.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan dabara, kullum muna yinta. Ka rubuta abu sau ɗaya, ka kwafa ka liƙa a wuri ɗari. Tana da sauri, tana da arha, kuma ba don ita ba da yawancinmu ba mu samu ajin zama ba, don haka ba za mu zage ta ba. Amma mun san aibinta: abin da aka kwafa bai san inda aka kai shi ba. Ajin da aka zana a ofis bai san ta ina iskar hadari ke zuwa a wannan ƙauye ba, bai san cewa nan magudanar ruwan dutse ce ba. Shi ya sa duk farkon damina za ka ji iska ta yaye rufin makaranta, ko ka ga kwazazzabo ya ci har gindin bango. A hankali kuma zanen gwamnati ya zama abin koyi. Mai kuɗin da zai gina gida ya ɗauka wayewa ita ce a baje fili ya zama kamar faranti kafin a ja igiya.

Mun ga wannan da idonmu a gidan wani kawunmu. Filin da ya saya yana da wani ƙaton dutse a kusurwar yamma, mai tsayin mutum biyu, wanda da la'asar yake jefa inuwa har tsakiyar filin. Ya ɗauko masu fasa dutse, suka yi kwana da kwanaki suna ƙona taya a jikinsa suna bugu da guduma, ya biya aka kwashe. Bayan wata biyu ya sayi tsakuwa tifa uku don zuba harsashi. Da muka ce, "Kawu, ai da an bar shi ya zama bangon zaure," sai ya yi dariya ya ce, "Ku yaran boko, so kuke a ce ina kwana a kogo?" Yau ɗakin da ke wannan kusurwa ba ya shiguwa a watan Afrilu sai bayan isha'i.

Amsar Kawu ita ce gaskiyar lamarin, kuma ba wauta ba ce. A idon wanda kakansa ya sauko daga dutse, dutse yana nufin talauci da tsoro da zamanin jahiliyya. Siminti yana nufin an tsira. Duk mai son ya dawo da maganar gini da dutse a ƙasar nan, da wannan tunani zai fara karo kafin ya kai ga maganar kuɗi.

Yanzu mu leƙa waje mu ga abin da ake yabo. A ƙauyen Vals na ƙasar Suwizalan, Peter Zumthor ya gina wurin wanka a kan wani marmaro mai ɗumi, aka buɗe a 1996. Rabin ginin yana cikin gangaren tsauni, rufinsa ciyawa ce, bangonsa kuma an jera shi da falle kusan 60,000 na dutsen da aka haƙo a kwarin. Wanda ya hango daga sama da ƙyar zai ce akwai gini. A Italiya, Zaha Hadid ta zana gidan tarihi a ƙololuwar tsaunin Kronplatz, mita 2,275 daga teku, aka buɗe a 2015, yawancinsa a binne, tagoginsa kaɗai suka leƙo. Suna da kyau ƙwarai. Amma a ganinmu waɗannan gine-ginen masu yawon buɗe ido ne, an yi su domin wanda ya ƙoshi ya zo ya kalli tsauni. Darasinsu gare mu kaɗan ne.

Wanda ya fi kusa da halinmu yana Ruwanda. A Butaro, kan wani tudu da a da sansanin soja ne, aka buɗe asibiti a 2011. Yankin cike yake da baƙin dutsen aman wuta wanda manoma ke ɗauka kayan haushi, suna tsincewa daga gona suna zubarwa. Masu zanen suka sa maginan wurin suka sassaƙa shi suka jera bango da shi. Suka bi gangaren tudun hawa-hawa, suka tsara ɗakunan jinya yadda iska za ta riƙa ratsawa da kanta domin rage yaɗuwar tarin fuka. Kuɗin aikin da yawansa ya tsaya a hannun mutanen garin, maginan kuma suka fita da sana'ar da ake nemansu da ita a wasu wurare.

A ƙasar Hausa ma akwai abin nunawa, ko da yake ba a kan tsauni yake ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Sabon kuwa da bulon jar ƙasa aka yi shi, wadda aka haƙo kusa da garin aka matse da inji. Abin da ya sa muka kawo shi nan shi ne ya karya maganar Kawu: gini ne na ƙasa, amma babu wanda zai kalle shi ya ce na talauci ne.

A Najeriya, babban misalin gini da tsauni yana Sukur, kan duwatsun Mandara a jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a ƙasar nan. Can akwai fadar Hidi ta dutse, da hanyoyi shimfiɗe da falalen dutse masu hawa tsauni, da gonaki hawa-hawa da aka tokare da jeren duwatsu. Mutanen suna zaune a wurin har yau, sun kuma gyara abin da 'yan Boko Haram suka ƙona a 2014. Abuja ma, in an duba, an yi ƙoƙarin wani abu makamancin haka: tsarin tsakiyar birnin da Kenzo Tange na Japan ya zana ya miƙe ne ya fuskanci dutsen Aso, aka ajiye majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban ƙasa a gindinsa. Wato ko da Najeriya ta tashi gina sabon babban birni, gindin dutse ta kai mulki, kamar yadda aka yi a Dala da Kufena da Pauwa.

Abin takaici, namu kufan ba su samu gatan da Sukur ta samu ba. Masu binciken gine-ginen Hausa sun fi karkata ga birane. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan da ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, wanda aikinsa ya fito cikin juzu'i uku a 1990, ya bar mana zanen fadoji da masallatai, har da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani. An san daurin guga da bakan gizo da zanko. Amma ilimin talaka na zama da dutse, wanda ba shi da ado ba shi da sunan magini, ya tsaya ne a bakin tsofaffi.

Sannan ga halin da muke ciki. Duwatsun da kakanni suka gudu zuwa gare su don tsira, yau daga cikinsu ake fitowa a kore mu. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Agustan 2025 gwamnatin jihar Katsina ta sanar da kuɓutar da mutum 76 bayan harin jiragen yaƙi a dutsen Pauwa. Ka duba fa: sunan da hakimi ke ɗauke da shi a rawaninsa, shi ne yanzu sunan sansanin 'yan bindiga a labarai. Dajin Kogo yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa, amma wa zai je yawon buɗe ido can? Abin da ya sa dutsen ya yi wa kakanni amfani, wato ruwa da kogo da hangen nesa da wuyar shiga, shi ne ya sa ya yi wa ɓarayi amfani. Ba mu ce saukowar da aka yi ce ta jawo wannan bala'i ba, dalilansa suna da yawa kuma sun fi ƙarfin wannan rubutu. Amma wurin da mutane suka bari, hukuma ba ta taɓa kai hanya ko makaranta ko ofishin 'yan sanda ba, ba zai zauna babu mai shi ba har abada.

Duwatsun da ke kusa da gari kuma, waɗanda 'yan bindiga ba su riƙe ba, guduma da nakiya ke cinsu. Kowace tifar tsakuwa daga jikin wani dutse ta fito, kuma babu mai dubawa ko akwai ramin niƙa ko ragowar ganuwa a wurin kafin a fasa. Ba ma zargin mai fasa dutse, abincinsa yake nema a ƙasar da noma ya zama kasada.

Dalilin da ya sa maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce shi ne akwai gini mai yawa a gaba. Ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin nan uku sun watse, an ƙona rumbuna, makarantu da ɗakunan shan magani sun lalace. Ko ba jima ko ba daɗe za a sake gina su, kuma in ba a yi wani abu ba, zanen nan ɗaya za a sake kwafowa, ɗan kwangila ya baje fili ya jera bulo ya tafi. Alhali kayan aikin da za a karanta ƙasa da su yanzu suna hannun kowa. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwarin doron ƙasa, kuma tun 2014 aka saki bayanan Afirka kyauta, awo ɗaya a kowace mita 30. Da ƙaramar kwamfuta da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, ɗalibi zai iya fitar da hanyar da ruwa ke bi daga kowane dutse a ƙasar Faskari cikin yini ɗaya. Mun gwada a kan yankin da muka sani, layukan da kwamfuta ta zana suka faɗa daidai kan rafukan da muka yi wanka a ciki muna yara.

Sai dai awon mita 30 ba ya ganin tsagar da ruwa ke kwana a cikinta har watan Maris, ba ya sanin wane gefen dutse ne macizai suka fi so, ko wace rijiya ce ba ta taɓa ƙafewa ba, ko inda ƙofar tsohuwar ganuwa take. Waɗanda suka san wannan tsofaffi ne da aka haifa a shekarun 1940 da 1950, waɗanda suka yi kiwo a kufan suna yara, iyayensu suna nuna musu inda gidan wane yake. Da yawansu yanzu ba sa ƙauyukansu. Suna zaune a ɗakunan haya da gidajen 'yan'uwa a Funtuwa da Malumfashi da Katsina da Kano, wuni guda a kan tabarma a ƙofar gida, jikokinsu na gefe riƙe da waya mai ɗaukar murya.

Mun fara da namu a hutun sallar da ta wuce. Muka buɗe wa wata gwaggonmu hoton tauraron ɗan'adam, muka faɗaɗa mata tabon toka da ke yamma da ƙauyensu. Ta daɗe tana kallo ba ta gane ba, sai da muka juya wayar gabas ta koma sama, yadda take fuskantar duniya in ta idar da salla. Nan take ta ɗora yatsa. Ta kira sunan duwatsu bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda marina take, da inda ake shanya barkono, da wata tsaga da ta ce mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa, ita ce ƙofar da ake toshewa da ƙaya in dare ya yi. A taswirar Google babu ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin da yake da suna.